Letterboxd: Manhajar Ba Finafinai Maki, da Abin da Take Tsinana wa Mai Kallo Bahaushe

Letterboxd manhaja ce da aka gina domin mutum ya rubuta fim ɗin da ya kalla, ya ba shi maki, ya faɗi ra'ayinsa a kai, sannan ya ga abin da sauran masu kallo suka ce. Ainihin aikinta ba nuna fim ba ne kamar Netflix ko YouTube, aikinta shi ne adana tarihin kallon mutum da haɗa shi da masu sha'awa irin tasa. Wasu masu tsara shafukan intanet guda biyu, Matthew Buchanan da Karl von Randow, su ne suka ƙirƙiro ta a birnin Auckland na ƙasar New Zealand a shekarar 2011, kuma sai a 2013 aka buɗe ta ga kowa da kowa ba tare da an gayyace shi ba. Ta daɗe tana hannun 'yan tsirarun masu nazarin fim, har zuwa lokacin kullen annobar korona a 2020, sa'ad da jama'a suka zauna a gida suka duƙufa ga kallo. A wancan lokaci masu rajista ba su kai miliyan 2 ba, amma zuwa 2023 sun haura miliyan 10, kuma a wannan shekarar ce kamfanin Tiny na ƙasar Kanada ya sayi kashi 60 cikin ɗari na hannun jarinta.

Yadda ake amfani da ita ba shi da wuya ko ga wanda Turancinsa bai yi nisa ba. Idan ka gama kallon fim, sai ka danna alamar ƙari da ke ƙasan fuskar wayar, ka rubuta sunan fim ɗin, ka zaɓi ranar da ka kalle shi, sannan ka ja yatsanka a kan taurari biyar har zuwa inda kake ganin ya cancanta, daga rabin tauraro zuwa biyar cif. Akwai wurin rubuta sharhi idan kana da abin cewa, akwai wurin nuna cewa maimaita kallo ne ka yi, kuma akwai wurin da za ka sanar cewa sharhinka ya tona ƙarshen labari, domin manhajar ta rufe shi daga idon wanda bai kalla ba tukuna, sai in shi ne da kansa ya buɗe. Duk wannan ba ya ɗaukar minti biyu, amma idan mutum ya jure yi na tsawon shekara, zai tarar da kundi cikakke wanda ya jera masa wata-wata abin da ya kalla da yadda ya ji a lokacin. A ganina wannan kundin shi ne ƙashin bayan manhajar, domin mafi yawanmu mun kalli ɗaruruwan finafinai waɗanda a yau ba za mu iya tuna sunan rabinsu ba, balle mu tuna dalilin da ya sa muka yaba ko muka kushe su.

Abin da ya fi burge ni a tsarinta shi ne raba taurari da alamar zuciya da aka yi. Taurari hukunci ne a kan ingancin aiki, wato labari da wasan jarumai da ɗaukar hoto da sauti, ita kuwa zuciya shaida ce kawai cewa fim ɗin ya kwanta maka a rai. Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya san irin fim ɗin da labarinsa ya yi rauni, faɗan cikinsa ya wuce hankali, jarumi ɗaya ya kwantar da mutum talatin ba tare da hularsa ta faɗi ba, amma saboda waƙoƙinsa da kuma mutanen da aka zauna aka kalla da su, ba ya fita daga zuciya. A nan kana iya ba irin wannan fim taurari biyu da rabi sannan ka danna masa zuciya, ba ka yi wa gaskiya ƙarya ba, ba ka kuma ci amanar abin da kake so ba. IMDb, wata kafar bayanan finafinai da ba su maki, wadda ta girme Letterboxd nesa ba kusa ba tun da ta faro a 1990 kuma Amazon ke riƙe da ita tun 1998, maki ɗaya take karɓa daga 1 zuwa 10, don haka dole so da hukunci su cakuɗe a cikin lamba guda. Rotten Tomatoes kuma, wata kafar auna finafinai, sanannen makinta ƙidaya ce ta kason ƙwararrun masu sharhi da suka yaba, wanda ba ya nuna ko yabon mai ƙarfi ne ko na a-wuce-wurin.

A shafin kowane fim akwai matsakaicin makin da jama'a suka ba shi, a gefensa kuma akwai wani ɗan zane mai ginshiƙai goma da ke nuna yadda makin ya rarrabu. Ina ba duk mai amfani da manhajar shawarar ya riƙa duba wannan zane kafin ya duba lambar, domin finafinai biyu suna iya samun maki iri ɗaya alhali labarinsu ya sha bamban. Na farko kusan kowa ya ba shi taurari uku, ma'ana an kalla an wuce ba yabo ba fallasa, na biyun kuwa wasu sun ba shi biyar wasu sun ba shi ɗaya, ma'ana fim ne da ya raba kan masu kallo, kuma sau da yawa irinsa ne ya fi cancantar mutum ya zauna ya gani da idonsa.

Duk da haka, ba na ganin matsakaicin makin duniya a matsayin abin dogaro ga mai kallo daga Kano ko Maraɗi. Mafi yawan sharhin da ke ciki da Turanci ne, masu rubuta shi kuma galibi matasa ne waɗanda abin da suke nema a fim ba lallai ya zama abin da muke nema ba. Amfanin manhajar na gaskiya yana fitowa ne idan ka bi mutane kaɗan waɗanda ka fahimci ɗanɗanonsu, domin a shafin fim za ta nuna maka makin da waɗanda kake bi suka bayar daban da na gama-gari. Idan ka san wane ba ya yaba fim sai labarinsa ya tsaru, wance kuma ba ta jure fim mai jan lokaci, to taurarinsu uku sun fi maka amfani a kan ra'ayin baƙi dubu ɗari. Wani abin a yaba shi ne babu akwatin aika saƙon sirri a cikinta, duk magana a fili ake yin ta a ƙarƙashin sharhi, kuma mai sharhin yana da ikon taƙaita waɗanda za su iya yi masa tsokaci, abin da ya rage irin cin mutuncin da ya zama ruwan dare a sauran kafafen sada zumunta.

Raunin da ya fi fitowa fili shi ne sharhin da ake fara nunawa a shafin fim su ne waɗanda suka fi samun masu danna alamar so, kuma yawancinsu barkwanci ne na layi ɗaya, wasu ma da kalamai marasa tsabta. Mai neman nazari mai ma'ana sai ya yi ta gangarawa ƙasa kafin ya same shi. Haka kuma magidancin da ke son ya san ko fim ya dace a kunna shi a falo gaban iyaye da yara ba zai sami amsa kai tsaye ba, domin babu sashen da aka keɓe don wannan, alhali IMDb tana da jagorar iyaye wadda ke lissafa tsiraici da zubar da jini da ashar da ke cikin fim dalla-dalla. A wurinmu wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, don haka ko mai son Letterboxd zai ci gaba da buƙatar leƙa wancan shafin.

Sai batun finafinanmu na Hausa, wanda shi ne ya fi damuna. Letterboxd ba ta da rumbun bayanai nata na kanta, daga wani shafi mai suna TMDb take ɗauko sunayen finafinai da hotunan tallarsu da jerin jarumai, shi kuma wannan shafi jama'a ne ke cika shi da hannunsu kyauta. Finafinan Amurka da Indiya da Koriya ta Kudu sun sami masu yi musu wannan hidima, har tsofaffin da aka manta da su, amma masana'antar Kannywood, wadda ake lissafa farkonta daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, kaɗan ne daga cikin ɗimbin ayyukanta za ka tarar, waɗanda suke ciki ma sau da yawa babu hoto, babu cikakken jerin jarumai, kuma masu ba da makin ba su kai adadin da za a fitar musu da matsakaici ba. Matsalar ta ƙaru da cewa an gina manhajar ne domin fim mai zaman kansa, ba ta karɓar shiri mai dogon zango da ke ci gaba zango bayan zango, in ban da wasu gajerun shirye-shirye masu iyakantattun kashi. Kowa kuwa ya san cewa a 'yan shekarun nan ƙarfin Kannywood ya koma kan masu dogon zango a YouTube da tashar Arewa24, ke nan abin da jama'armu suka fi kallo kuma suka fi muhawara a kai kowane mako ba shi da gurbi a ciki. Masu kallon finafinan Indiya na fassarar Hausa su ma suna da tasu wahalar, domin sunan da masu fassara suka raɗa wa fim ba shi ne a rumbun ba. Mafita a nan ita ce ka nemi sunan jarumin, ka buɗe jerin finafinansa, ka gane naka ta hoton talla.

Ta fuskar kuɗi babu abin ƙorafi, domin duk abin da na ambata kyauta ne, illa tallace-tallace da ke bayyana jefi-jefi. Akwai matakai biyu na biyan kuɗin shekara, Pro da Patron, waɗanda ke cire talla, su ba ka ƙididdigar kallonka, kamar daraktan da ka fi bibiya da ƙasashen da finafinanka suka fito, su kuma tace maka jerin abin da kake son kallo gwargwadon manhajojin nuna fim da kake da rajista da su. Ga mai kallo na yau da kullum ban ga dalilin kashe wannan kuɗin ba. Na kuma yaba da cewa mutum yana iya sauke dukkan kundinsa ya adana a kwamfutarsa, ko ya shigo da makin da ya taɓa bayarwa a IMDb.

Idan da ma'auninta zan auna ta, ga mai kallon finafinan waje zan ba ta taurari huɗu, ga wanda kallonsa ya fi karkata ga na Hausa kuwa biyu da rabi. Rabin wannan giɓi yana hannun kamfanin, wato batun masu dogon zango, amma ɗaya rabin yana hannunmu. Duk wanda ya yi rajista a TMDb yana iya shigar da fim ɗin Hausa mai zaman kansa idan yana da sunansa daidai, da shekarar fitowarsa, da sunan darakta da jarumai, da taƙaitaccen labari da hoton talla mai kyau, daga nan kuma Letterboxd za ta ɗauko shi. Furodusoshin Kannywood, waɗanda duk waɗannan bayanai suke a hannunsu, su ne suka fi kowa dacewa da fara wannan aiki a ranar da suka saki fim.