Jirgin Kano zuwa Jidda: kai tsaye ko mai ya da zango?

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda, tazarar sama kusan kilomita 3,400 ce. Idan jirgi ya miƙe ta Chadi da Sudan ya tsallaka Bahar Maliya, awa huɗu da rabi zuwa biyar ta ishe shi. Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage da yawa suka koma zagaye, tafiyar kan kai awa shida ko fiye. Don haka kafin ka biya kuɗi, tambayi ejan ainihin awoyin tafiyar.

Lokacin da ke jikin tikiti yana rikita mutane. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na dare ya yi awa biyar a sama, ƙarfe 5 na asuba zai sauka a agogon Jidda, ba 3 ba.

A ganinmu, ga mai Umara, musamman dattijo ko mai ciwon ƙafa, na kai tsaye ya fi, ko da ya ɗara tsada. Mai ya da zango, irin Ethiopian ta Addis Ababa ko EgyptAir ta Alƙahira, sau da yawa ya fi sauƙin kuɗi, amma jira a tsakani kan mayar da tafiyar ta yini guda. Idan tazarar jirage biyun ta yi gajarta kuma, jinkiri kaɗan a Kano zai sa ka rasa na biyu, ko kai ka isa jakarka ta kwana a hanya. Kada tazarar ta gaza awa biyu. A kula sosai daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo kan hana jirgi sauka ko tashi a Kano.

Inda aka fi samun matsala shi ne harami. Wanda zai wuce Makka daga Jidda, a sama zai ratsa daidai miƙati. Ma'aikatan jirgi sukan sanar, amma banɗakin jirgi ba ya ɗaukar layin mutum ɗari masu canza kaya. Ka ɗaura haraminka tun a Kano ko a zangon ƙarshe kafin Jidda, sai niyya da talbiyya idan an sanar. Kuskuren da ya fi yawa: saka harami cikin jakar da aka ba da wajen awo. Wanda zai fara da Madina ba ya buƙatarsa tukuna, kuma jirgin ƙasa na Haramain yana tashi daga filin jirgin Jidda ya kai shi cikin kusan awa biyu.

Je filin jirgi awa uku kafin tashi, fasfo da biza da katin rigakafin shawara a hannunka, ba a akwati ba.