Greed na 1924: Gyaran Turner na 1999 Ya Cancanci Kallo

Kamfanin fina-finai na MGM ya datse Greed, fim marar magana na darakta Erich von Stroheim, zuwa kusan minti 140, sauran ya salwanta. A gyaran kamfanin Turner na 1999, Rick Schmidlin ya cike gurbin da hotuna marasa motsi, ya kai kusan awa 4. Labarin ya fito sarai: dala 5,000 da Trina, matar jarumin fim ɗin McTeague, ta ci a caca, rowarta, da yadda Marcus, tsohon abokinsa da ya so Trina, ya kai ƙarar McTeague kan aikin haƙori ba lasisi don ramuwa. An kuma rina zinariya rawaya, har ƙaton haƙorin gwal da ke alamar shagon McTeague na ƙyalli.

Matsalarsa hotunan nan: ana cikin motsi sai komai ya tsaya cak, kuma rubutun Ingilishi da ake nunawa a madadin magana ya yi yawa. A raba shi zama biyu. Ƙarshensa a hamadar Death Valley, McTeague ɗaure da gawar Marcus da ankwa, yana tayar da tsigar jiki.