Sandarewar kafaɗa: allura, gashin ƙashi ko tiyata, wanne ya cancanci kuɗinka?

Kafin ka biya kuɗin kowane magani, ka tabbatar ciwon shi ne. Manna gwiwar hannunka a haƙarƙari, ka lanƙwasa ta, sannan ka gwada juya hannun zuwa waje. Idan kafaɗa ta sandare, hannun zai tsaya cak, ko da wani ne ya kama yana juya maka. Tantanin da ya lulluɓe gaɓar ne ya kumbura, ya yi kauri, ya tsuke. Likita kan gane shi ta hanyar duba jiki. Hoton ƙashi yana taimakawa wajen kore wasu cututtukan, amma hoton MRI mai tsada sau da yawa ba ya sauya maganin da za a ba ka.

An fi ganinsa tsakanin shekara 40 da 60, kuma ya fi kama masu ciwon suga, ya fi daɗewa a jikinsu. Don haka gwajin suga na cikin kuɗin farko da ya kamata a kashe.

Matakin da ciwon yake shi ne zai nuna maka abin da za ka zaɓa. Da farko raɗaɗi ne, na wata 2 zuwa 9, mai hana barci idan aka juya kan gefen. Daga nan zafin ya lafa, tauri ya zauna: taje kai, sa riga, kai hannu aljihun baya duk su gagara. Sai kuma gaɓar ta fara saki a hankali. Duka-duka yakan ɗauki shekara 1 zuwa 3.

A lokacin raɗaɗi, ni dai allurar sitiroyid, maganin rage kumburi, a cikin gaɓar na fi ba wa muhimmanci. Tana kwantar da zafi na wasu makonni, mutum ya samu barci, ya iya motsa hannu. Ba ta warkarwa gaba ɗaya, kuma tana ɗaga suga na 'yan kwanaki, abin da mai ciwon suga ya kamata ya shirya wa tare da likitansa. Ƙwayoyi irin su ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, sai dai shan su wata da watanni haɗari ne ga mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda.

Gashi da motsa gaɓa wajen likitan fisiyo, wato mai gashin ƙashi, sun fi amfani bayan zafin ya sauka. A nan ne mutane ke cutar kansu, su yi ta finciko hannu da ƙarfi suna ganin za su karya taurin, dare ya yi ciwo ya ninka. Ja kaɗan-kaɗan kullum ya fi: sunkuya ka bar hannun yana lilo, tako bango da yatsu zuwa sama, riƙe tawul ta baya hannun lafiya na jan mai ciwon. Tawul da sanda sun wadatar, ba sai ka sayi na'ura ba.

Akwai kuma ɗura ruwan gishiri da sitiroyid a gaɓar don tantanin ya buɗe, wanda wasu likitoci ke gwadawa kafin a kai ga ɗakin tiyata.

Idan watanni sun shuɗe ba sauƙi, hanya biyu ta rage: a sa ka barci likita ya murza kafaɗar tantanin ya saki, ko a shiga da ƙaramar kyamara a yanka shi. Wani bincike a Birtaniya da aka wallafa a mujallar Lancet a 2020 ya kwatanta su da gashi haɗe da allura a marasa lafiya 503. Bayan shekara guda babu wadda ta yi wa sauran fintinkau, kuma yankan ya fi tsada, ya fi zuwa da matsala. Duk wadda aka yi maka, gashi na biyo baya nan da nan, don haka ka tambayi kuɗinsa tun kafin ka sa hannu a takarda.