Karusar Biyana: faifan da na kalla tare da Yaya

Shekara 19 ke nan ina gyaran talabijin da rediyo a Agege, kafin nan kuma na riƙe gidan kallo a Idi-Araba, saboda haka fim ɗin yaƙi ba baƙona ba ne. Na Amurka, na Indiya, na Caina, duk na haska wa jama'a, na san inda ake tafi da inda ake ihu. Amma wannan da wani mai kawo mini gyara ya riƙo mini daga Landan a watan jiya, ban taɓa ganin irinsa ba, ko sunansa ban taɓa ji ba.

A bangon faifan an rubuta Coach to Vienna. Sunansa na asali da harshen Cek shi ne Kočár do Vídně, wato karusa zuwa Biyana, babban birnin Ostiriya. An yi shi a Cekoslobakiya a 1966, Karel Kachyňa ya ba da umarni, Jan Procházka ya rubuta labarin. Kamfanin Second Run na Ingila ne ya fitar da shi a faifan Blu-ray bayan an wanke hoton an gyara shi. Baƙi da fari ne, bai kai awa ɗaya da rabi ba, kuma babu karusar sarauta a ciki, amalanken gona ce da dawakai biyu.

Labarin ba shi da rassa. Kwanakin ƙarshe ne na Yaƙin Duniya na Biyu, 1945, a yankin Morabiya na Cekoslobakiya. Sojojin Jamus sun rataye wani manomi a kan 'yan buhunan siminti. Matarsa Krista ba ta gama share hawaye ba sai ga sojoji biyu da suka gudo daga yaƙi, ɗaya da mummunan rauni, ɗaya yaro ɗan Ostiriya mai suna Hans. Suka tilasta mata ta ɗaura dawaki ta kai su iyaka ta cikin daji. Ta hau ta kama linzami, baƙaƙen kaya a jikinta, gatari a ɓoye a ƙarƙashin amalanken.

Daga nan sai daji. Itatuwa dogaye a tsaye kamar sandunan kurkuku, hazo, ƙarar ƙafar amalanke, da kiɗan ogan irin na coci wanda Jan Novák ya tsara. Iva Janžurová, wadda ta fito a Krista, kusan ba ta buɗe baki. Yaron ne ke ta zuba da Jamusanci, yana ba ta labarin gida, yana murna yaƙi ya ƙare masa, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Abin da take yi kawai, duk sanda ido ya kauce, sai ta zare wani abu nasu ta yar a daji: yanzu na'urar gane gabas, anjima makami. A hankali take kwance musu ɗamara, tana kuma karkatar da dawakan daga hanyar da suke zaton suna bi. Na sha kallon tankoki suna aman wuta ban ji komai ba, amma hannun matar nan yana lallaɓawa ƙarƙashin katako ya sa na manta da shayin da ke gabana har ya huce.

Bari in yi maganar faifan kansa, tunda nan ne sana'ata. Wanda ya saba da tsofaffin finafinai a kaset ko kwafin da ake turawa a waya ya san yadda baƙi da fari ke komawa ruwan toka, fuska ta narke, dare ya zama tabo. A nan baƙin baƙi ne sosai, kuma hazon da Josef Illík ya ɗauka hawa-hawa yake, kana ganin itace a gaba, wani a bayansa, wani can yana ɓacewa. Saƙar gyalen matar ma ana gani. Na gwada shi a talabijin uku a shago, har da wata tsohuwa da na canza wa fitilun baya, duka ya fito tas. Sautin ba a cika masa ƙarfi na ƙarya ba, numfashin dawaki da kukan katako suna nan yadda suke. Faifan ba a ɗaure shi da yanki ba, duk na'urar Blu-ray za ta karanta shi, akwai kuma ɗan littafi a cikin kwalin mai bayani kan fim ɗin da waɗanda suka yi shi.

Sai dai a san abu uku kafin a sa kuɗi. Na'urar DVD ɗin da ke yawancin gidajenmu ba ta karanta Blu-ray. Ni da PlayStation 4 ta ɗana na fara kallo, daga baya na samo na'ura tokumbo a Alaba. Na biyu, da canjin fam yadda yake lokacin da aka kawo mini shi, kuɗin faifan ya kusa rabin buhun shinkafa. Fassarar da ke ƙasan hoton kuma ta Turanci ce.

Wannan na ƙarshen shi na ɗauka zai hana Yaya kallo. Babbar yayata ce, tana sayar da abinci a Mile 12, ta zo mana kwana biyu. Maigidanta ya rasu a rikicin Idi-Araba na watan Fabrairun 2002, ya fita da safe bai dawo ba. A gidanmu ba a ɗauko zancen. Da na tuna abin da fim ɗin ya ƙunsa sai na miƙa hannu zan kashe, ta ce, "Auta, bar shi. Takaba matar nan take yi?"

Na ce, "Eh Yaya, yanzu ta rasa mijinta."

Ta gyara zama a kan tabarma. Ina fassara mata abin da yaron ke faɗa, can ta ɗaga mini hannu alamar ya isa. Ana tsaka da kallo aka ɗauke wuta, na fita na ta da janareto, na dawo na same ta yadda na bar ta, idonta a kan baƙin gilashi.

Akwai wurin da matar ta samu abin da take nema tun safe. Mai raunin ya cika, yaron ya rage shi kaɗai, gajiya ta kayar da shi, ga gatari a hannunta. Jaromír Hanzlík da ya fito a Hans bai kai shekara 20 ba lokacin, kuma in ka cire kakin soja, abin da ke kwance a ƙasa ɗan wani ne kawai. Yaya ta ce a hankali, "Wannan ai ko gemu bai fara ba." Ta yi shiru, sannan ta ƙara, "Waɗanda suka shigo layinmu ma kamarsa suke." Shekara 20 da ɗoriya ban ji ta faɗi ko kalma ɗaya a kan ranar ba sai a daren nan.

Ba zan bayyana yadda aka ƙare dalla-dalla ba. Abin da ya wajaba a sani shi ne, mafi munin aikin da aka yi a gaban kyamara ba Jamusawa suka yi shi ba, 'yan sari-ka-noƙen ƙasar ne, mutanen Krista, waɗanda gwamnatin kwaminis ke ɗauka gwarazan da ba a taɓawa. An nuna fim ɗin a bikin finafinai na Karlovy Vary a 1966, ya kuma jawo fushi a gida. Bayan tankokin Tarayyar Sobiyat da ƙawayenta sun shiga ƙasar a watan Agustan 1968, aka kulle shi, sai da mulkin kwaminis ya faɗi a 1989 ya sake shan iska. Procházka bai ga ranar ba, ya rasu a 1971 yana da shekara 42, hukuma ta riga ta juya masa baya. Wani fim ɗin da suka yi tare da Kachyňa, Ucho, wato Kunne, na 1970, shi ma shekara 20 ya yi a kulle.

Da ina da gidan kallo har yanzu, ban san ko zan haska shi ranar Asabar da dare ba, don masu jiran harbi za su tashi tun kafin a yi nisa. Amma mai na'ura da halin saye, ya saya, ya kalla da daddare bayan layi ya yi tsit, ba da yara a kusa ba, saboda ƙarshen yana da nauyi ƙwarai.

Da fim ɗin ya ƙare Yaya ba ta ce komai ba, ta tashi ta yi alwala ta shiga ɗaki. Washegari ina shirin fita shago, na tarar da ita zaune da kwalin faifan a cinya, tana shafa hoton matar da babban yatsa.

Ta ce, "Auta, kafin ka fita sa mini shi daga farko. Kuma kada ka fassara mini komai."