Turken faiba ko na ƙarfe: wanne zai riƙe haƙorin da aka cire wa jijiya?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Tunda haƙorin naka na gaba ne na sama, an cire masa jijiya, kuma likita ya bar maka zaɓi tsakanin turken faiba da na ƙarfe (wato ɗan sandan da ake zurawa cikin saiwar haƙori ya riƙe ciko) kafin a ɗora hula, murfin da ake rufe haƙorin da shi, ka ɗauki faiba. Akwai sharaɗi guda da zan zo kansa, kada ka biya kuɗi sai ka ji amsarsa daga bakin likitan. Ni duka biyun sun zauna a bakina, saboda haka abin da na gani zan gaya maka, in haɗa da abin da likitoci suka yi mini bayani da wanda na karanta.

Na faiba yana cikin haƙorina na gaba, wanda ya gutsure a faɗuwar babur tun ina saurayi. A hankali ya dinga yin duhu har ya kai ga ciwo, aka cire jijiyar. Likitar da ta yi mini aikin, Allah ya saka mata da alheri, sai da ta ɗora turken a tafin hannunta ta nuna mini. Ɗan siriri ne, fari-fari, haske yana ratsa shi, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba. Da na ga ƙanƙantarsa na ce anya wannan zai ɗauki cizo? Ta ce in yi haƙuri in gani. Ta shimfiɗa wata 'yar roba a bakina ta ware haƙorin shi kaɗai don kada yawu ya taɓa shi, ta busar da ramin saiwar, ta zuba siminti, ta zura turken, ta haska shuɗiyar fitilar nan har ya kama, sannan ta gina ciko a kansa. A zama ɗaya aka gama wannan, sai awon hula. Da hular tangaran ta hau, ko maiɗakina sai da ta tambaya wanne ne a cikinsu, domin babu wani duhu a bakin dasashi.

Shekaru sun tura, sai wata Babbar Sallah na ci karo da ƙashi a cikin soyayyen nama. Ji na yi haƙorin ya motsa, washegari hular ta zame da turkenta gaba ɗaya ta faɗo mini a hannu. Gabana ya faɗi sosai, na ɗauka shi ke nan sai cirewa. Da na koma, ta ɗauki hoto, ta juyo da allon kwamfutar ta nuna mini saiwar lafiya lau, ko tsaga babu. Ta share ramin, ta sa sabon turke, aka sake hula. Haƙorin yana nan har yau, da shi nake gatsar tuffa.

Na ƙarfe kuwa, a hannun wani mai aikin daban aka murɗa mini shi a ƙaramin turmi. Ya yi 'yan shekarunsa, ranar da ya tashi lalacewa ya tsaga saiwar gida biyu, giɓin yana nan.

Bambancin da ke tsakanin waɗannan ƙarshe biyu yana da dalili. Naman haƙori na ciki yana ɗan lanƙwasa idan aka yi cizo, ko da yake ido ba ya gani. Turken faiba zaruruwan gilashi ne ko na kwaz (wani dutse mai kama da gilashi) aka jera aka haɗe su da wani irin ƙaro, kuma taurinsa ya yi kusa da na naman haƙorin, shi ya sa suke lanƙwasa tare, nauyin cizo ya bazu a tsawon saiwar. Baƙin ƙarfe ya ninka naman haƙori tauri kusan sau 10. Ba ya sassautawa ko kaɗan, sai ya tara duk ƙarfin cizon a wuri guda, galibi can ƙarshensa, inda bangon saiwa ya fi siriri. Ka tuna yadda mai faskare yake kafa ƙarfe a tsagar gungume yana buga shi har itacen ya rabe. Haka turke mai tauri yake yi a cikin saiwa, sai dai a hankali, loma bayan loma. Idan faiba ya gaza, yawanci saki yake yi ko ya karye shi kansa, a sake wani. Idan saiwa ta tsage a tsaye kuwa, babu gam ɗin da yake haɗa ta, cirewa ce.

Amma kada in cuci na ƙarfe, domin iri-iri ne. Wanda aka sa mini mai zare ne irin na kusa, wanda ake murɗawa ya ciji bangon saiwa, kuma shi ne mafi haɗari a cikinsu, likitoci da yawa sun daina amfani da shi. Akwai na zubi, wanda ake ɗaukar awon ramin saiwarka a kai ɗakin ƙira a narka ƙarfe a zuba shi daidai da ramin, turke da ginin da ke kansa duk abu ɗaya. Wannan ya daɗe ana aiki da shi tun kafin a san faiba, kuma akwai mutanen da suka tsufa da shi a baki. Faiba sai wajajen 1990 ya fito daga Faransa, na farkon ma baƙi ne na kabon, daga baya aka kawo farare na gilashi. Idan tambayar ita ce wanne ya fi daɗewa, binciken da aka yi a kan mutane bai ba ɗaya rinjaye mai yawa ba. A Jami'ar Pelotas ta ƙasar Brazil an raba marasa lafiya kashi biyu, wasu faiba wasu ƙarfen zubi, aka bi su har zuwa shekara 9, sakamakon ya zo kusan kunnen doki. Don haka duk wanda ya ce maka faiba ya ninka ƙarfe ƙarko, ya ƙara gishiri. Abin da ya sa nake tura ka gare shi shi ne abin da zai rage maka ranar da matsala ta zo, sai kuma kyan gani a haƙorin gaba. Ƙarfe yakan sa hular tangaran ta yi toka-toka, wani lokaci har bakin dasashi ya yi duhu, kuma waɗanda jikinsu ba ya shiri da ƙarfen nikel, irin waɗanda agogo ko ɗan kunne ke sa wa ƙaiƙayi, ya kamata su faɗa wa likita kafin a sa musu kowane ƙarfe.

Yanzu ga sharaɗin. Ka tambayi likitan: haƙorin nawa ya rage a saman dasashi? Ana so a samu lafiyayyen bango mai tsayin milimita 1.5 zuwa 2 da ya kewaye haƙorin, wanda bakin hular zai rungume. Wannan ɗan bangon shi ne yake ɗaukar yawancin nauyi, ya hana turken jijjiga a cikin rami. Idan yana nan, faiba zai yi maka shekaru cikin kwanciyar hankali, ƙarfen ma haka. Idan haƙorin ya karye daidai da dasashi, babu bango ko kaɗan, to lanƙwasawar nan da na yaba ita ce za ta zama aibi: turken zai dinga motsi, siminti ya dinga saki, yawu ya shiga, hula ta yi ta faɗowa. A irin wannan hali likitoci da dama sun fi natsuwa da ƙarfen zubi, haka nan idan ramin saiwar ya yi faɗi ƙwarai ko ba zagayayye ba ne, domin faiba da girmansa yake zuwa daga kamfani, sai a cike ragowar wurin da siminti mai yawa. Mafi kyau ma a irin wannan yanayi shi ne a fara samar da bangon, ko dai a ɗan rage dasashi da ƙashi ta ƙaramar tiyata, ko a jawo saiwar waje a hankali da wayar gyaran haƙora. Wani dogon bincike da aka yi a Jamus na shekara 10 a kan turakun faiba ya nuna haƙoran gaba sun fi na baya saurin samun matsala, kuma yawan bangon da ya rage yana cikin manyan abubuwan da suke yanke hukunci. Haƙorin gaba ta gefe cizo yake tura shi, shi ya sa nake nanata maka wannan tambaya.

Mutane da yawa suna ɗauka turke ƙarfi yake ƙara wa saiwa. Aikinsa kawai ya riƙe cikon da hula za ta zauna a kai, kuma don a samar masa wuri sai an ɗan rarake cikin saiwar, wanda hakan rage mata ƙwari yake yi. Shi ya sa likitan kirki ba ya faɗaɗa rami fiye da kashi ɗaya cikin uku na kaurin saiwa, kuma yana barin milimita 4 zuwa 5 na cikon jijiya a can ƙarshe don kada ƙwayoyin cuta su sami hanya. Ga 'yan'uwa da ke karantawa waɗanda nasu babban turmi ne, sau da yawa ba ya bukatar turke sam, kogon da ke tsakiyarsa ya isa ya riƙe ciko. Idan an ce sai an sa, a tambayi dalili.

Faiba yana da nasa rauni, kuma a hannun mai aiki yake. Manna shi ake yi, mannewar kuwa ba ta shiri da danshi. Ɗigon yawu ko jini a cikin ramin ya isa ya ɓata aikin, ba za ka sani ba sai bayan watanni. Idan ka ga wurin da ake aikin cikin gaggawa, ba robar ware haƙori, injin tsotse yawu ma ba ya aiki, to faiba mafi tsada a duniya ba zai zauna ba. Ta wani ɓangaren kuma yana da sauƙin sha'ani: idan wata rana ƙasan saiwar ya sake kumburi aka bukaci a sake wanke ta, ana iya huda faiba a cinye shi a isa ƙasa. Fitar da ƙarfen da ya kama da kyau aiki ne mai wuya, wani lokaci a garin cire shi saiwar take tsagewa. Sannan na zubi sai ka je sau biyu aƙalla, a tsakani kana yawo da cikon wucin gadi.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka, domin abin yana ci mini rai. Harkar haƙori ta cika da masu farar riga da ba likitoci ba. Wani ya yi 'yan shekaru yana miƙa wa likita kayan aiki, sai ya kama shago ya rataya allo. Wani sana'arsa sa haƙorin Makka ce, yau ya wayi gari yana cire jijiya. Akwai masu karɓar kuɗin faiba su murɗa maka ƙaramar kusar ƙarfe mai araha, tunda sun san da hula ta hau ba ka da hanyar gani. Akwai masu sayo turakun da ba suna ba kamfani, waɗanda zarensu yake warwarewa. Mafi muni su ne masu ɗora turke da hula a kan saiwar da ba a gama wanke ta ba, bayan ɗan lokaci fuska ta kumbura a ce maka jikinka ne bai karɓa ba. Kariyarka hoto ce. Ka ce a nuna maka hoton saiwar bayan an cike ta, kafin a sa turke, da wani hoton bayan an sa, kuma ka ɗauka a wayarka. Ƙarfe fari fat yake fitowa a hoto, mai zare har haƙoran zarensa za ka gani, faiba kuwa bai kai shi haske ba. Ka ce a buɗe kwalin a gabanka ka ga sunan kamfanin. A Najeriya kowane likitan haƙori na gaskiya yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, kuma wanda yake da ita ba ya jin haushin a tambaye shi. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ka je sashen haƙori na asibitin koyarwa mafi kusa da kai, kamar na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello, a sake duba maka. Za ka yi jiran layi, amma za ka ji ra'ayi na biyu daga wanda ba cinikinka yake nema ba.

Kada kuma ka daɗe kana shawara. Haƙorin da aka cire wa jijiya aka bar shi da cikon wucin gadi yana iya karyewa kowane lokaci, kuma yawu yana silalewa ciki ya lalata aikin da ka riga ka biya. Bayan an gama, ka raba wannan haƙorin da rake, ƙashi, ƙanƙara, busasshiyar aya da buɗe kwalba. Goro ma a mayar da shi turame. In kana cikin masu cizon haƙora a barci, ka gaya wa likita ya yi maka robar kwana, domin wannan ɗabi'a tana kashe turke kowane iri. Ka riƙa goge bakin hular da kyau, saboda saiwar da ke ƙarƙashinta tana iya ruɓewa, kuma ba za ta yi maka ciwon gargaɗi ba tunda babu jijiya.

In wata rana ka ji tana motsi ko ta faɗo, kada ka tura ta da ƙarfi, kada kuma wani ya ba ka shawarar sufa gulu. Ka wanke ta, ka sa a 'yar leda mai tsabta, ka kai wa likita cikin kwana ɗaya ko biyu tun ramin bai gurɓata ba. Allah ya sa a yi aikin a sa'a.