Wane jerin dabarun sauya ɗabi'a ya dace da bincikenka?

Duk mai rubuta firojet a kan wani shirin lafiya, ko na daina shan taba ne ko na sa iyaye mata su kai yara rigakafi, akwai inda yake maƙalewa: ta yaya zai faɗi ainihin abin da aka yi wa mutanen? Kowa sai ya rubuta "an wayar musu da kai", alhali wani takarda kawai ya raba ya tafi abinsa, wani kuwa zama ya yi da su suka tsayar da rana da lokaci, yana kuma bin su da kiran waya. Shi ya sa masana suka jera dabarun, kowace da sunanta da ma'anarta. Yanzu kuma jerin ne suka yi yawa.

Na Charles Abraham da Susan Michie na 2008 dabaru 26 ne, ya tsufa, sai dai ka san shi don karanta tsofaffin takardu. Wani jerin da ake kira CALO-RE na 2011 yana da dabaru 40 amma motsa jiki da cin abinci kawai ya sa a gaba.

Wanda zan ce ka ɗauka in aikinka shi ne tattara binciken da wasu suka yi kana zaƙulo abin da ke ciki, shi ne BCTTv1, na Michie da abokan aikinta, 2013, dabaru 93 a rukuni 16. Shi masu duba takardu a mujallu suka fi sani, kuma horonsa kyauta ne a intanet. Amma fa kar ka ɗauka karanta shi sau ɗaya ya isa, wasu dabarun kamar Hassan da Husaini suke, misali mutum ya ce zai riƙa tafiyar minti 30 kullum dabara ce daban, ya ce zai rage kilo 5 wata ce daban, na farko aiki ya ƙudurta, na biyu sakamako. Don haka mutum biyu ake so kowa ya zaƙulo dabarun da ke cikin takardun shi kaɗai ba tare da leƙa na ɗan'uwansa ba, sannan a gwada yawan inda suka dace. In kai kaɗai ne ba ka da abokin yi, tun yanzu ka nemo.

Inda BCTTv1 ya gaza, suna kawai yake ba ka, ba ya gaya maka yaushe dabarar ke ci. Nan ne jerin Gerjo Kok da mutanensa na Jami'ar Maastricht a ƙasar Holland, wato na Intervention Mapping (hanyar tsara shirin lafiya mataki-mataki) da ya fito 2016, ya fi shi, don kowace hanya an haɗa ta da sharuɗɗanta. Tsoratar da mutum da hoton huhun da taba ta cinye ba ya aiki sai in ya yarda zai iya dainawa. Mai ƙirƙirar sabon shiri, wannan ne naka, sai dai yana cin lokaci sosai.

Tsarin da ake kira COM-B kuwa, da wasu ke cusawa cikin sahun nan, aikinsa daban, gano abin da ya hana mutum sauya ɗabi'a yake yi: iyawa ce babu, dama ce, ko niyya. Da shi ake farawa.

Akwai sabo na 2023 da ya faɗaɗa BCTTv1, dabarunsa sun haura 250, an tsara shi yadda kwamfuta za ta iya tace dubban takardu. Ɗalibin mastas mai wata shida a hannu, ni dai ban ga abin da zai kai shi can ba, sai in malaminsa ne ya nace.