Anki: Manhajar da Ke Tsara Mini Bita Ina Karatu Daga Gida

Wanda bai taɓa karatu daga gida ba yana ɗauka babbar matsalarmu rashin lokaci ce. Lokacin yana nan, sai dai a gutsuttsure yake: 'yan mintoci kafin yara su tashi, zaman cikin adaidaita sahu, ɗan tsakanin Magariba da Isha'i. Abin da ke kashe gwiwa shi ne ka samu wannan ɗan sararin, ka buɗe littafi mai kauri a waya, ka rasa ta ina za ka kama. Kafin ka yanke shawara an kira ka, shi ke nan. Babu malami a gabanka da zai ce a buɗe shafi kaza, babu 'yan aji da za ka ga sun yi maka nisa ka zabura. Wannan gurbin ne manhajar Anki ta cike mini, shi ya sa nake son in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayaninta yadda na same ta.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Zariya, da aure da yara, kuma ina karatun digiri a fannin lafiyar al'umma a jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN. Littattafan kwas a intanet ake sauke su, aikin gwaji na cikin zango, TMA, yana da maki 30, jarrabawa kuma 70. Tsarin ya dace da irinmu da ba za mu iya barin aiki da gida mu tare a makaranta ba, amma tsara kai gaba ɗaya yana wuyan ɗalibi. Ƙanin maigidana da ke karatun likita ne ya sa mini manhajar a waya. Ya ce, "Anti, kullum ina ganinki kina komawa babin farko. Ki mayar da littafin nan tambayoyi, ki bar wa wayar aikin tuna miki ranar da ya kamata ki sake ganin kowace."

Ga yadda take aiki. Kai ne za ka rubuta kati: tambaya a gaba, amsa a baya. Idan ka buɗe, sai ta nuna maka tambayar kaɗai. Ka amsa a zuciyarka, sannan ka taɓa allon wayar amsar ta fito, ka zaɓi ɗaya daga maɓallai huɗu gwargwadon gaskiyar abin da ya faru: ban tuna ba, da ƙyar na tuna, na tuna, ko kuma wannan a bakina yake. Katin da ka kasa zai dawo maka bayan 'yan mintoci. Wanda ka ci zai dawo gobe, idan ka sake ci ya tafi kamar kwana uku, daga nan mako guda, daga nan kusan mako uku, tazarar tana ninkuwa har ta kai watanni. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadda ya san wannan hikimar: karatu ba ya zama sai da muraja'a, kuma surar da ta zauna daram ba a yawan maimaita ta kamar wadda aka biya jiya. Bambancin kawai, a nan wayar ce ke riƙe da lissafin dubban tambayoyi, kowace da ranarta.

Ba yau aka fara tunanin ba. Tun 1885 wani masani ɗan Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa da haddar gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a farko-farko take aukuwa, kuma bita na rage saurinta. A 1987 wani ɗalibi ɗan ƙasar Polan, Piotr Woźniak, ya tsara lissafin da kwamfuta za ta riƙa fitar da ranar bita da shi, kuma a kan wannan lissafin Damien Elmes ya gina Anki a 2006. Daga 2023 an ƙara wani sabon lissafi mai suna FSRS da ake kunnawa a saiti, amma mai farawa ba sai ya damu da shi ba tukuna.

Abin da ya fi yi mini amfani ba ƙarfin hadda ba ne, ko da yake shi ma na gan shi. Aikin yini ne da ya zama mai iyaka. Da na buɗe manhajar zan ga lambobi uku a gaban kowane kwas: shuɗiya ta sabbin katuna, ja ta waɗanda nake kan koyo, koriya ta waɗanda ranar bitarsu ta zo. Ba na tambayar kaina me zan karanta yau, an riga an ware mini. Ina tsaye a kicin ina jiran tuwo ya sulala, wayar na jingine da gwangwanin gishiri, zan amsa goma sha wani abu. A layin ɗauko yara daga Islamiyya in ƙara wasu. A aikin dare, idan marasa lafiya sun samu barci kuma na gama rubuta rahoto, in ƙarasa. Sai lambobin su koma sifili, manhajar ta sanar da ni na gama na yau. Ɗalibin gida ya daɗe bai ji kalmar "ka gama" ba, domin littafi ba ya ƙarewa, kullum kwana yake da nauyin bai yi abin da ya kamata ba. Wallahi samun wannan natsuwar kaɗai ya isa dalilin da ban bar ta ba. Kuma na lura ranar da na gama katuna da wuri, jikina ya fi sakewa in ɗauki littafi in shiga sabon babi.

Wani ƙaramin abu da ya dace da rayuwarmu: sabuwar rana a wurin Anki ba sha biyun dare take farawa ba, ƙarfe huɗu na asuba ne, kuma ana iya sauya shi. Wadda ba ta samun kanta sai kowa ya kwanta, ko ta kai ƙarfe ɗaya tana bita, a ranar jiya za a lissafa mata. Da azumi kuwa, kina gama sahur katunan sabuwar rana sun riga sun fito. Sannan ba ta buƙatar data wajen bita. Ko an ɗauke wuta, ko sabis ya yi ƙasa, muddin da ɗan caji a wayar aiki na tafiya.

Rubuta katin shi ne inda ake cin riba ko a yi asara, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya tsaya. Kati ɗaya, tambaya ɗaya. Jadawalin allurar rigakafin yara, alal misali, ban zuba shi duka a kati guda ba. Na yi ɗaya: wace allura ake yi wa jariri da haihuwa don kare shi daga tarin fuka? BCG. Wani: a wane makonni ake yin Penta, allurar nan mai kariya daga cututtuka biyar? Shida, goma, da sha huɗu. Wani kuma: allurar ƙyanda ta farko fa? Wata tara. Haka na yi wa tarihin fannin: taron duniya na birnin Alma-Ata kan kiwon lafiya a matakin farko, 1978; sai likita John Snow da famfon tuƙa-tuƙa da ya gano yana yaɗa kwalara a wata unguwa ta Landan, 1854. Tambayar da Turanci nake rubuta ta tunda da shi za a yi jarrabawa, amma a ƙasan amsar nakan ƙara layi ɗaya da Hausa, yadda zan yi wa uwar da ta kawo ɗanta asibiti bayani. Idan na kasa rubuta wannan layin, na san ban fahimci abin ba, sai in koma littafi kafin in yi katin.

Domin Anki ba ta koyarwa, kuma duk wanda ya ɗauke ta a matsayin malami zai sha mamaki. Za ka iya haddace ma'anar adadin sabbin waɗanda suka kamu da cuta cikin wani lokaci, da ma'anar adadin duk masu ɗauke da ita a lokaci guda, ka riƙa cin katunan kullum, amma a ba ka labarin ɓarkewar cuta a wani ƙauye a ce ka lissafa, ka tsaya cak. Wannan sai an zauna da biro da takarda. Haka jarrabawar rubutu da ake yi a NOUN daga aji uku zuwa sama: tana son ka iya jera hujja a shafi biyu, kati kuwa ba ya koya wa hannu wannan. Ni na raba abin gida biyu. Gutsattsarin lokaci na katuna ne, zaman safiyar Asabar da na Lahadi kuma na littafi ne da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, kuma a wannan zaman nake fitar da katunan mako.

Sai maganar adadi. Manhajar tana zuwa a saite kan sabbin katuna 20 a rana ga kowane rukunin katuna (ni kowane kwas da rukuninsa), kuma jagorarta da kanta ta yi gargaɗin cewa mai ɗaukar 20 kullum zai iya kaiwa ga bitar kusan 200 a rana. Ga mai kwas biyar ko shida, da goyo, da aiki, wannan ya yi yawa ƙwarai. Tun ranar farko ƙanin maigidana ya rage mini zuwa biyar a kowane kwas, kuma ban ga dalilin ƙarawa ba. Katunan da ranarsu ta zo ba sa ɓacewa don ba ka buɗe ba, jiranka suke yi su haɗu da na gobe. Idan rashin lafiyar yaro ko biki ya ɗauke ki kwanaki, ki mayar da sabbin katuna sifili, ki riƙa rage tsofaffin kaɗan-kaɗan har ki kamo. Katin da aka faɗi sau takwas kuma manhajar na yi masa alama, kuma kusan kullum idan na duba sai in ga tambayar ce ta yi tsawo, sai in raba ta biyu.

Fuskarta ba ta da ado, kuma shafin saitinta na iya tsorata mai farawa. A bar shi yadda yake in ban da adadin sabbin katuna. Akwai tarin katunan da wasu suka rubuta suka saka kyauta, ɗaliban likitanci na amfani da su sosai, amma ni ban ga sun kai wanda mutum ya rubuta daga littafin kwas ɗinsa ba. Wanda kuma ba shi da babbar waya, ɗan jaridar Jamus Sebastian Leitner ya fitar da irin wannan tsarin tun 1972 da katunan takarda da akwati mai gida-gida: katin da ka ci ya matsa gidan gaba da ba a yawan buɗewa, wanda ka faɗi ya dawo gidan farko. Kwalin takalmi ma ya wadatar.

Ga masu Android, sunanta AnkiDroid, kyauta ce, babu talla, masu aikin sa kai ne ke kula da ita. Ta kwamfuta ma kyauta ce. Ta iPhone ce kaɗai ake saya, kusan dala 25, biya ɗaya. A lura da kyau wajen saukewa, domin akwai wasu manhajoji masu kama da sunan da ba su da alaƙa da ita. Kuma a buɗe asusun AnkiWeb tun ranar farko, shi ma kyauta ne, a riƙa tura katunan can duk sanda aka samu data, saboda ko waya ta faɗa ruwa ko an sace ta, aikin zango guda yana nan a ajiye.